Ya Daina Surutai, Amma Ya Iya Cefane?

A ƙasar Haɗeja, kamar sauran ƙasar Hausa, kalma biyu ke rufe zancen mai taɓin hankali: "ya natsu." Da zarar saurayin da ya kwana uku yana zance shi kaɗai ya yi shiru, ya daina zargin maƙwabta da zuba masa guba a randa, sai a kwance mari in an sa masa, a yi hamdala, a watse. Malamin da ya yi ruƙiyya ya karɓi godiya, ma'aikacin asibitin da ya ba da ƙwaya ya rufe kati. Bayan wata uku kuma sai sabon ƙorafi ya taso. Ba ya zuwa gona sai an tashe shi. An aike shi kasuwa da dubu biyar ya dawo da rabin saƙo, babu canji. Riga ɗaya ya kwana bakwai da ita. A nan ne gida ke yanke hukunci na biyu, wanda ya fi na farko muni: ciwo ya tafi, lalaci ne ya rage.

Irin wannan hukuncin ake yanke wa wani yaron daban. Ya haddace izu goma kafin sa'o'insa, ya san lambar kowace motar haya da ke bi ta ƙofar gidansu, amma in aka sauya masa kwanon da ya saba cin abinci a ciki sai ya yini yana kuka, kuma har ya shekara goma sha biyar bai iya shirya kansa ya tafi makaranta ba. Tunda kowa ya shaida kaifin haddarsa, sai a ce wanda ya iya wancan ba zai kasa wannan ba, taurin kai ne da sangarta. Maganin taurin kai kuwa a wurinmu sananne ne.

Hukuncin nan zalunci ne, kuma mu da muka yi boko muna cikin masu sa masa hannu. Muna auna warkewa da shiru, muna auna hankali da hadda, alhali abin da ke tantance ko mutum zai rayu da mutunci wani abu ne daban: ya iya fara aiki, ya riƙe shi a ka, ya kai shi ƙarshe, ya sauya dabara in hanya ta toshe. A nan ne masu sikizofireniya da masu otizim suke faɗuwa kullum, kuma nan ne wurin da ba mu taɓa leƙawa ba.

Ayari da madugunsa

A zamanin fatauci, ayari kan tashi da jakai masu ƙarfi da kaya masu daraja, amma madugu ne ke cewa yaushe za a tashi, wane zango za a yada, wace hanya za a kauce wa in ruwa ya cinye ta. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ma tana da madugu. Masana ƙwaƙwalwa suna danganta aikinsa da sashen gaba, bayan goshi, da hanyoyin da suka haɗa shi da sauran sassa. Bari mu kira aikin nan tsara kai. Bincike ya fi ƙarfafa ginshiƙai uku a cikinsa: riƙe bayani a ka yayin da ake aiki da shi, danne abin da ya fara zuwa zuciya in bai dace ba, da iya juyawa daga wata hanya zuwa wata. A kan waɗannan ake ɗora shiri, fara aiki ba tare da an tunzura mutum ba, da lura da kuskuren kai.

Hidimar kai kuwa ita ce abin da mutum yake aikatawa a zahiri: wanka, sutura, girki, riƙe kuɗi, cika alkawari, gaisuwa yadda ta dace, gane mai son cutarsa. Tun 1935 Edgar Doll na makarantar Vineland da ke Amurka ya fitar da ma'aunin wannan, kuma ƙa'idarsa har gobe ita ce: ba a tambayar me mutum zai iya in an tsaya a kansa, ana tambayar me yake yi da kansa a ranar da babu mai kallo.

Dubi tuƙa tuwo. Sai ruwa ya tafasa a yi talge, a bari ya dahu, a zuba gari a tuƙa, a rufe ya turara, a kwashe. Ana cikin haka miya na kan wuta, goyo na kuka, wata ta yi sallama tana neman aron turmi. Matar da ta san kowane mataki da ka, amma kanta ya kasa riƙe biyu a lokaci guda, za ta ƙona tuwo kullum. Ko ka dubi noman riɗi, wanda mutanen Kaugama da Malam Madori suka sani kamar yunwar cikinsu. In ba a yanke shi kafin kwanson ya buɗe ba, amfanin shekara ya zube a ƙasa. Sanin hakan bai isa ba. Sai mutum ya lura da launin ganye, ya tanadi masu yanka da shimfiɗa tun da wuri, ya tashi ranar da ya kamata ko da jikinsa bai so ba.

A 1991 wasu masana biyu a Landan, Tim Shallice da Paul Burgess, suka nuna wannan rata a fili. Sun ɗauki majinyata uku da suka samu rauni a gaban ƙwaƙwalwa, waɗanda suke cin gwajin basira a ofis fiye da yawancin masu lafiya. Suka ba su kuɗi da ɗan jerin saƙo, kamar sayo burodi, da ƙa'idoji kaɗan, suka tura su layin shaguna. Nan take tsari ya wargaje: mantuwa, shiga shago ba dalili, karya ƙa'idar da suka iya maimaitawa da baki. Darasin a bayyane yake. Ɗakin likita shiru yake, likita ne ke cewa fara, shi ke cewa tsaya, wato shi ne madugu na minti goma. Kasuwar Haɗeja ba ta yi wa kowa wannan alfarma.

Ciwo biyu, bulala ɗaya

Otizim da sikizofireniya ba abu ɗaya ba ne, ko da yake likitoci ma sun daɗe suna cakuɗa su. Eugen Bleuler, likita ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya ƙirƙiro sunan sikizofireniya a 1908, shi kuma ya fara amfani da kalmar otizim don siffanta yadda masu wannan ciwo ke janyewa cikin kansu. A 1943 Leo Kanner ya ari kalmar ya siffanta yara 11 da ya gani a Baltimore. Sai a 1980 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya raba su sarai. Otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, alamunsa kan bayyana tun kafin shekara uku: wahalar cuɗanya, maimaita abu ɗaya, ƙin sauyi, jin ƙara ko haske ko taɓawa fiye da kima. Sikizofireniya kuwa ta fi afkawa daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekarun ashirin da wani abu, bayan mutum ya taso kamar kowa, da jin muryoyi, da zargi marar tushe, da rikicewar tunani. A bakinmu, na farko yakan faɗa cikin buhun "galahanga" tare da shanyewar jiki da jinkirin fahimta, ko a ce ɗan ruwa ne. Na biyu kuwa "hauka" ne ko "iska." Sunayen ba su bambance komai, shi ya sa maganin ma ba ya bambanta.

Inda suka haɗu shi ne wurin madugu, amma kowanne da irin tuntuɓensa. Mai otizim ya fi shan wahala wajen juyawa. Tsarin da ya saba shi ne igiyar da yake riƙe da duniya, in aka tsinke ta ba gargaɗi sai ya ruɗe. Mai sikizofireniya ya fi shan wahala wajen farawa da riƙe bayani. Niyya tana nan, amma tartsatsin da ke mai da niyya aiki ya yi rauni, kuma saƙo uku kan zama ɗaya kafin ya isa bakin titi. Wannan mutuwar jiki tana cikin alamun ciwon kansa, kamar yadda zazzaɓi yake cikin alamun maleriya.

Abubuwa biyu da bincike ya tabbatar sun isa su ruguza hukuncinmu. A 1996 Michael Green na Jami'ar Kalifoniya ya tattara binciken da aka yi kan masu sikizofireniya, ya nuna cewa ƙarfin tunawa da mai da hankali da tsara kai sun fi yawan muryoyi da zargi nuna wanda zai iya aiki da zaman jama'a. Ma'ana, za a iya kashe muryoyin da magani mutum ya ci gaba da kasa cefane. A ɓangaren otizim kuma, bincike bayan bincike ya nuna hidimar kai tana zama ƙasa da ma'aunin basira, ratar ta fi faɗi ga masu kaifin basira, kuma tana ƙaruwa da shekaru. Wani bincike da aka yi a Ostareliya kan yara sama da 2,000, wanda ya fito a 2019, ya kai masu shi ga cewa a daina ɗaukar makin basira a matsayin shaidar iya rayuwa. Ke nan haddar yaron nan ba hujja ba ce a kansa. Bulalar da ake zuba masa hukunci ne kan laifin da bai yi ba.

Malaman fiƙihu sun riga mu

Wani zai ce wannan rabe-rabe na Turawa ne. Wanda ya zauna a zaure ya san ba haka ba ne. Ayoyi na 5 da 6 na Suratun Nisa'i sun hana miƙa dukiya ga wanda bai iya riƙe ta ba, sun yi umarni a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta a kuma yi masa magana mai daɗi, sannan sun ce a jarraba marayu kafin a ba su dukiyarsu. Daga nan malamai suka gina babin rushdu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, rushdu shi ne iya kiyaye dukiya da sarrafa ta, kuma balaga kaɗai ba ta tabbatar da shi. Malamai sun bambanta mahaukacin da ba ya farfaɗowa da wanda ciwonsa ke zuwa yana tafiya, sun bambanta su da mai raunin fahimta, sun kuma ware safihi, wanda hankalinsa ƙalau amma dukiya ba ta zama a hannunsa. Da suka zo bayanin jarrabawar, sai suka ce a gwada kowa da sana'ar gidansu: ɗan ɗan kasuwa da ciniki, ɗan manomi da hidimar gona.

Wannan shi ne gwajin layin shaguna, ƙarnoni kafin Landan. Ba su ce a tambayi yaro ya kawo nassi ba, sun ce a ba shi ɗan kuɗi a ga yadda zai yi. Kuma wanda ya kasa, hukuncinsa waliyyi ne mai kula da shi da magana mai daɗi. Babu mari a babin, babu dorina. Mun gaji ilimin da ya san cewa hankali hawa-hawa ne, muka mai da shi gida biyu: mahaukaci da mai lafiya. Wanda ya faɗa tsakiya ba shi da suna sai malalaci.

Lissafin Kaugama

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Kaugama mutum kimanin 128,000. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙiyasinta na 2022, ta ce mutum 1 cikin 300 na da sikizofireniya, yaro kimanin 1 cikin 100 kuma na da otizim. In aka ɗora ƙiyasin duniya kan wancan tsohon adadi, ana maganar mutum sama da 400 masu sikizofireniya da ɗaruruwan yara masu otizim a ƙaramar hukuma ɗaya daga cikin takwas na masarautar Haɗeja. Lissafi ne na kan takarda, amma ya isa ya nuna cewa ba labarin mutum ɗaya a bakin tasha ake yi ba. Mafi yawansu suna cikin gidaje, a bayan zana.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Asibitin masu taɓin hankali na Jigawa yana Kazaure, can ƙuryar yammacin jihar. Wasu kuma kan tafi Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko su nausa gabas zuwa Maiduguri. Kowace tafiya kuɗin mota ne na mutum biyu ko uku da yinin aiki da aka rasa. Wanda ya yi wannan tafiya ya samu minti goma gaban likita, tambayar da za a yi masa ita ce: yana barci? Yana jin muryoyi? Yana faɗa? In amsa ta yi daɗi sai a sabunta takardar magani. Likita ba shi da laifi a kan layin da ke bayansa, amma tsarin da bai tanadi mai tambayar ko majinyaci yana wanka da kansa ba ya riga ya zaɓi abin da zai kira nasara.

Magani wajibi ne ga mai sikizofireniya, kada a ji ni ba daidai ba. Tun da aka fara amfani da kulofiromazin a Faransa a 1952, miliyoyin mutane sun fita daga ɗaurin ciwo. Sai dai tsofaffin magunguna masu araha, irin su shi da halofiridol, kan kawo barci, sandarewar jiki da nauyin motsi, maganin da ake haɗawa da su don rage sandarewar kuma yana iya dusashe tunawa. In aka yi yawa, sai a samu mutum mai shiru wanda madugunsa ya ƙara kwanciya, gida kuma na murna ya natsu. Ga otizim kuwa babu ƙwayar da ke gyara asalinsa. Abin da ake bayarwa na rage tsananin fusata ne kawai. Duk wanda ya ɗirka wa yaro mai otizim maganin barci don gida ya huta, ya san wa ya yi wa magani.

Sannan ga ruwa. Mutanen kwarin Haɗeja sun ga ambaliyar 2020 da ta 2022, sun san yadda kachalla ke toshe hanyoyin ruwa ya juyo cikin gari. Ambaliya ita ce jarrabawar tsara kai mafi tsanani: cikin dare a yanke shawarar me za a ɗauka, wace hanya za a bi, wa ke riƙe da wane yaro. Yaro mai otizim ya rasa ɗakinsa da kwanonsa da tsarinsa a dare ɗaya, ya wayi gari a ajin firamare da mutum hamsin. Mai sikizofireniya ya rasa katinsa da ƙwayarsa, hanyar asibiti kuma ta yanke. Mai raba kayan agaji yana kiran suna a layi, wanda bai iya tsara kansa ya shiga layi ba ya kwana da yunwa.

Daga nan sai magungunanmu biyu na gargajiya. Na farko aure: a yi masa mata zai shiga hankalinsa, a kai ta ɗaki za ta gyaru. Sai a ɗauki wanda saƙo uku ke gagara a ɗora masa cefane da haya da surukai, ko a kai yarinya gidan da za a auna ta da tuwo da shara da gaishe da uwar miji, ba tare da an gaya wa kowa gaskiya ba. In ta dawo da takarda a hannu sai a ce ba ta da tarbiyya. Masu waɗannan lalurori suna da haƙƙin aure kamar kowa, amma aure da ɓoye-ɓoye ba jinya ba ne. Na biyu gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, a watan Oktoba aka buɗe wani a Daura. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton ɗaure masu taɓin hankali a sassan Nijeriya, har da cibiyoyin gwamnati. Iyaye ne suka kai yawancinsu, da kuɗinsu, da kyakkyawar niyya, a ƙarƙashin suna ɗaya: kangararru.

Uzurori uku

Uzuri na farko shi ne ƙauye ya fi birni riƙe irin waɗannan mutane, don haka a bar mu da al'adarmu. Akwai ƙamshin gaskiya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a shekarun 1960, wanda Ibadan na cikin cibiyoyinsa, ya nuna masu sikizofireniya a ƙasashe masu tasowa sun fi na ƙasashen masu arziki samun sauƙi. Gandu yana da aiki ga kowa: wani ya yi kiwo, wani ya kori tsuntsu a gonar shinkafa, wani ya ɗebo ruwa, kuma kiran salla biyar na raba yini ba sai da agogo ba. Amma a 2008 wasu masana, ciki har da Farfesa Oye Gureje na Ibadan, suka sake duba hujjojin suka nuna cewa zancen bai kai yadda ake yaɗa shi ba, domin akwai waɗanda suka mutu ko suka ɓace ba a lissafa su yadda ya kamata ba. Hukumar Lafiyar ma ta ce masu wannan ciwo sun ninka sauran mutane sau 2 zuwa 3 wajen mutuwa da wuri. Kuma gandun da ake taƙama da shi yana watsewa. 'Yan'uwa sun tafi ci-rani, takin gwamnati da bashin noma sun koma waya da lambar sirri da asusun banki. Kowace sabuwar lamba sabon kaya ne a kan madugun da ya riga ya gaji.

Uzuri na biyu: jihar da ke fama da tamowa da mutuwar mata wajen haihuwa ba ta da sararin wannan. Amsa ita ce ana biyan kuɗin tun yanzu, ta hanya mafi tsada. Ana biya da tumakin da aka sayar don kai mutum gidan mari, da uwar da ta bar sana'a ta zauna gadi, da ƙanwar da aka cire daga makaranta don ta kula da yayanta, da komawa asibiti duk shekara saboda an manta shan magani. Mantuwar shan magani kanta matsalar tsara kai ce.

Uzuri na uku: in muka buɗe wannan ƙofa, kowane malalaci zai fake da ita. Malalaci yana zaɓe. Yakan kasa zuwa gona amma ba ya makara wurin kallon ƙwallo. Mai raunin tsara kai yana kasa abin da shi kansa yake so, yana ɓatar da kuɗinsa na kansa, yana kwana da yunwa ga abinci a rufe. Kuma in aka rarraba masa aikin aka tsaya kusa, sai ya yi. Gwajin ba ya buƙatar na'ura, yana buƙatar mai lura.

Abin da aka riga aka gwada

Nijeriya ce ta koya wa duniya wani ɓangare na amsar. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta: majinyata su sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan'uwa, su je asibiti da rana, su ci gaba da zama cikin jama'a. Shekara 66 bayan haka, a 2020, mujallar Lancet ta buga gwajin da Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko suka yi aiki tare da masu maganin gargajiya da na addini, majinyata suka fi samun sauƙi. A gundumar Sodo ta Habasha, gwajin da aka buga a 2022 ya nuna cewa ziyarar gida daga ma'aikatan da ba likitoci ba, a kan maganin asibiti, ta rage naƙasar masu sikizofireniya cikin shekara guda. A Teksas, Dawn Velligan ta gwada abu mai sauƙi: a shiga gidan majinyaci a gyara muhallinsa da alamomi, jerin matakai, ƙararrawa da akwatin magani mai ranaku. Masu koyar da yara masu otizim sun daɗe da irin wannan dabara, tun shirin da Eric Schopler ya kafa a Karolina ta Arewa a 1972: a nuna wa yaro tsarin yininsa da hoto, a sanar da shi sauyi kafin ya zo.

Ƙa'idar ɗaya ce: in madugun ciki ya raunana, a kafa na waje. A Kaugama wannan na nufin a ɗaura shan magani da sallar isha'i, mutum ɗaya sananne ya riƙe alhakinsa. Saƙo ɗaya a aike ɗaya, sai ya ƙware a ƙara na biyu. Kayan sawa na kowace rana a ƙullinsu daban. Aiki mai maimaituwa a wurin mai gida ɗaya mai haƙuri, kamar ban ruwa, gyaran koma ko tsince riɗi, da lada a hannu ko a wurin waliyyi amintacce. Ga wanda ƙwaya ke gagara, a tambayi likita game da allurar da ake yi bayan 'yan makonni. Kafin damina, a sa katin asibiti da maganin wata guda cikin leda a wuri sananne.

Sauran aikin na hukuma ne, kuma doka ta riga ta ba da ƙafa. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haɗa da naƙasar tunani da ta fahimta. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Jigawa kuma tana da abin alfahari: a 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu naƙasa Naira 7,000 a wata. Sai dai a tsarinmu na gargajiya makafi suna da sarki, guragu suna da sarki, kutare suna da sarki. Mai sikizofireniya ba shi da sarki, yaro mai otizim ba shi da ƙungiyar da za ta kai sunansa sakatariya, kuma lalurarsu ita ce ainihin abin da ke hana su bin layi da cike takarda. Duk wani tallafi da ke jiran mai naƙasa ya kawo kansa ya riga ya cire su. A auna cancanta da hidimar kai, a je gida a auna. A sa wannan darasi cikin horon ma'aikatan lafiya na Jahun, domin su ne ke zaune a ƙauyuka. A sa sunayen waɗannan gidaje cikin shirin ko-ta-kwana na ambaliya. A zauna da malaman tsangaya da masu ruƙiyya, tunda wurinsu ake fara zuwa, a kan sharaɗi ɗaya da ba a sassautawa: babu sarƙa, babu duka.

Mai karatu, a yawancin gidaje kai ne ake kira in abu ya faru, domin kai ne ma'aikaci, kai ke tura kuɗin mota da na magani, maganarka ce ke raba gardama a taron dangi. Kai ne kuma sau da yawa ke cewa, cikin gajiya, "na kashe kuɗi ya warke, yanzu iskanci ne kawai." Wannan jimla daga bakin mai digiri ta fi dorinar kowane gardi nauyi, domin bayanta babu mai sake tambaya. In an kira ka an ce ya natsu, ka yi hamdala, sannan ka tambaya: wa ke tashinsa da safe, wa ke riƙe kuɗinsa, wane aiki ɗaya yake gamawa da kansa? Daga amsar za ka san ko jinya ta ƙare ko yanzu ta fara.